Farin Hancin Malama Meng

Ƙarfe ɗaya saura kwata Malama Meng Shulan ta ɗaga labulen bayan dandamali ta leƙa. 'Yan wasa goma sha tara na zaune gaban madubai, kwanonin fenti a buɗe, buroshi a jere, amma ko fuska ɗaya ba a taɓa ba. Wata na saƙa, wasu biyu na kati, mai goge kuwa tafarnuwa yake ɓarewa a kan taliyarsa. Ƙarfe biyu za a buga kuge, alhali zanen fuskar jaruma kaɗai yakan ci awa guda.

Shekara ashirin da tara Malama Meng ta yi tana koyar da tarihin wasan kwaikwayo a wata jami'a a birnin Xi'an. Ta san na Girkawa, ta san na Indiya da Japan, namu na gida kuwa har littafi mai shafi ɗari huɗu ta rubuta a kan al'adun bayan dandamali. Wasan kowa ta feɗe, ta ce nan an yi daidai, can an yi shirme. Sai da furfura ta fara leƙowa sannan ta zauna ta rubuta nata, labarin wata mata da kogi ya cinye mijinta, ta ɗauki sandarsa ta ci gaba da tuƙa jirgin fito. Shekara shida tana gyara shi. Gidajen wasa na birni duk sun yaba, duk sun mayar mata da abinta. Wannan ƙungiya ta karkara ce kawai ta yarda ta ba shi yamma guda a bikin haikalin ƙauyen Liugou, gobe kuma su koma tsofaffin wasanninsu. In bai hau dandamali yau ba, ita ma ta san ba zai ƙara hawa ba.

Ba ta tsaya nan ba, sai da ta gayyato Farfesa Ruan Deming, wanda ya girme ta da aji biyu a makaranta, yanzu kuma shi ne shugaban tsangayarsu. Takardun neman farfesancinta suna kan teburinsa tun bara. Yana can a layin gaba, an ba shi kujera mai jingina, ya rungume jakarsa kamar wani zai ƙwace.

Ta samu shugaban ƙungiyar, Dou, yana shan taba a bakin ƙofa.

"Shugaba Dou, lafiya? Me ake jira?"

"Baba Geng ake jira, Malama."

"Bai zo ba?"

"Ya zo tun safe. Ga shi can." Ya nuna da haɓa.

Geng Baoshan, ɗan barkwancin ƙungiyar, tsoho ne ɗan shekara saba'in da ɗaya, siriri, mai kunnuwa fato-fato. Ya harɗe a kan babban akwatin tufafi, wanda duk duniya ɗan barkwanci kaɗai ke da ikon zama a kansa, yana kurɓar shayi daga wata tsohuwar kwalba. A nan Malama Meng ta gane, kuma gane ɗin bai yi mata daɗi ba. Babu mai sa wa fuskarsa fenti sai ɗan barkwanci ya fara ɗiga farin nan a karan hancinsa. Ita kuwa wasanta ba shi da ɗan barkwanci. Da gangan ta cire shi, don tana son wasan kuka zalla irin na Girkawa, wanda ba wanda zai shigo tsakiya ya ɓata da shashanci.

Ta gyara tabarau ta ƙarasa. "Baba Geng, sannu da hutawa. An ci abinci?"

"An ci, Malama Meng. Zo ki zauna. Af, na manta, ba a zama a nan." Ya daddaɓa akwatin.

"Baba, lokaci na tafiya. Ka ɗan ɗiga farin nan mana, mutane su fara."

"In ɗiga in je ina? Ni yau ɗan kallo ne. Kin taɓa ganin ɗan kallo ya yi kwalliya?"

"Ɗigo ɗaya ne fa."

"Ai ba sai na yi ba." Ya sa hannu a bayansa ya zaro littafi, sai ta ga nata ne, bangon duk ya sha maiƙo. Ya lashi yatsa ya buɗe. "Shafi na ɗari biyu da sha biyu. 'Wannan al'ada ta mutu tun shekaru arba'in da suka wuce, ba a ƙara jin ɗuriyarta ko a karkara.' Haka kika rubuta ko ba haka ba? To tunda ta mutu, su yi fentinsu mana. Na riƙe hannun wani?"

Wani daga cikin masu kati ya yi tari don ya ɓoye dariya. Malama Meng ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Gaskiya ita ce ta rubuta wannan jimla a ɗakin karatu, a hawa na biyar, ba ta tambayi kowa ba. Mu malaman jami'a haka muke, in ba mu ga abu a takarda ba sai mu yi masa jana'iza.

Ta juya ga jarumar wasan, Fang Guiying, wadda ke ta saƙarta. "Guiying, ke fa kin yi makaranta. Kin yarda da wannan camfi?"

"Ni? Ko kaɗan, Malama."

"To fara mana."

"Ai ba don na yarda ba ne. Kawai dai ba na son in zama ta farko. Ki tambayi Yaya Shi, shi ma bai yarda ba."

Yaya Shi, mai fitowa a mijin da ya nitse, ya ɗago daga kati. "Ni ko a jikina. Amma shekaran jiya haƙorina ya fara ciwo, ba na son in haɗa abu biyu."

Haka ta zagaye su ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha tara, babu mai camfi ko ɗaya a cikinsu, kuma babu wanda ya taɓa buroshi. Ta dawo gaban akwatin, ta yi wa Baba Geng bayanin abin da masana suka ce game da tsarkin wasan baƙin ciki. Ya saurara da ladabi yana tofar da ganyen shayi cikin kwalba. Ta yi alkawarin sa sunansa a shafin godiya. Ya ce shi bai taɓa ganin an tafa wa shafin godiya ba. Ta ce to za ta rubuta masa layi biyu yanzu-yanzu, ya fito a mai sayar da kifi. Ya ce shekara hamsin da shida yana wannan aiki, ba a taɓa ba shi layi biyu kamar ana jefa wa kare ƙashi ba.

Agogo ya nuna ɗaya da minti ashirin. Dou ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malama, in abin ya ƙi, sai mu sa ɗaya daga cikin tsofaffin wasanninmu. Akwai ɗan barkwanci a ciki, nan da nan Baba zai yi fenti. Mutane sun taru, ba za mu bar su haka ba."

Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta fara tsayawa gaban aji. Ta dubi kwanon farin fenti a gefen gwiwar tsohon. Littafinta ya ce ɗan barkwanci ne ke farawa. Bai ce dole sai mai suna Geng ba. Ta fizgi buroshi, ta tsoma, ta cire tabarau, ta lafta wa karan hancinta fari, har ya ɗan zubo gefen ido.

Saƙar Guiying ta zame ta faɗi.

Baba Geng ya ajiye kwalba, ya sauko daga akwati, ya zagaye ta yana kallo kamar mai taya akuya. "Ya karkace," ya ce. Ya karɓi buroshin ya gyara mata gefen hagu, sannan ya juya ya daka tsawa: "Ɗan barkwanci ya fara! Me kuke jira?"

Kafin ya rufe baki an watsar da kati, kowa ya faɗa wa madubinsa. Malama Meng ta sauke numfashi, ta miƙa hannu ga tawul.

"Ina kuma?" Ya riƙe tawul ɗin. "Ba a wanke farin nan sai an fita da shi gaban jama'a."

"Wannan ba ya cikin kowane littafi, Baba."

"Sai ki ƙara a bugu na biyu."

Ta dubi Dou. "Da gaske akwai wannan doka?"

Dou ya dubi rufin ɗaki. "In Baba ya ce akwai, akwai. Kuma dama za mu makara da kamar minti ashirin. Dole wani ya riƙe mana mutane kada su watse wajen masu soye-soye, wannan kuwa aikin mai farin hanci ne."

Har yau tana zargin a nan take tsohon ya ƙirƙiri dokar. Amma ƙarfe biyu ya yi, ga ta a bakin labule da kwat ɗinta mai ruwan toka, tabarau a kan fenti. Baba Geng ya ba ta shawara a gurguje: ta ɗan lanƙwasa gwiwa, kada ta yi dariya ko da za ta mutu, kuma duk wanda ya jefo magana ta mayar masa. Sannan ya tura ta da tafin hannu.

Mutum ya kai ɗari shida, a kan benci, a kan katanga, a bayan motocin kaya. Kanta ya ɗauke gaba ɗaya. Bakinta kuwa, da ya ga taro, sai ya yi abin da ya saba.

"A yau," ta ce, "za mu duba abubuwa uku."

Aka fashe da dariya. Abin ya ba ta haushi da gaske, ta ɗaure fuska. "A yi shiru a baya! Kai mai jar hula, me na ce yanzu?"

"Kin ce abu uku, Malama!"

"Na farko mene ne?"

"Ai ba ki faɗa ba tukuna!"

"Da ka karanta kafin ka zo da ka sani. Zauna!"

Wata tsohuwa a layin gaba ta shaƙe da 'ya'yan kabewa, sai da aka bubbuga mata baya. Malama Meng ta soma jin wani abu na hawa mata daga ƙafa, kamar ta sha giyar shinkafa da safe. Ta yi musu tambayar ba-zata. Ta kori wani mai sayar da rake daga aji saboda surutu. Wata ta ɗago jaririnta ta ce a duba ko ya ci jarrabawa, ta ce ya ci, amma rubutunsa ba kyau. Daga nan idonta ya faɗa kan Farfesa Ruan, baki buɗe, alƙalami a tsaye a hannu. Ta tuna takardunta da ke kan teburinsa. Ta waiwaya ta ga Dou yana mata alamar saura minti biyar, kuma ba ta da sauran abin faɗa.

"Ɗalibin nan na gaba mai rungumar jaka, tashi."

Wallahi sai ga shi ya miƙe. Shekara arba'in na zaman aji ba wasa ba ne, jikinsa ya tashi kafin ya yi shawara da shi.

"Mene ne bambancin wasan kuka da wasan dariya?"

Ya gyara murya. "To, masana sun kasu gida biyu a kan..."

"Kun ji ko? Nasa biyu ne ma, bai kai uku ba. Ka zo da mahaifinka gobe."

Wurin ya kaure, har na kan katanga suna riƙe juna kada su faɗo. Farfesa Ruan ya zauna a hankali, wuyansa ya yi ja, ya rufe littafin rubutunsa ya sa a jaka. Ta ga lokacin da ya ja zip ɗin, ta kuma san farfesancinta ne ya rufe a ciki. Sai kuge ya tashi, ganguna suka amsa, ta ja da baya ta faɗa bayan labule.

Guiying ta wuce ta gefenta da farar riga mai dogayen hannuwa, sandar tuƙi a kafaɗa. Goge ya ja dogon sauti. Mutane suna ta guntun dariya, suna share ido, babu wanda ya tashi. Sannan muryar ta fita, babbar murya irin ta mutanenmu, wadda ake ji daga ƙetaren gona:

"Kogi, na kawo maka sandarsa, kai kuma ka riƙe mini mutumin."

Sau nawa Malama Meng ta goge wannan layi ta sake rubutawa, ita kaɗai a ofis, ba ta taɓa jin sa a bakin wani ba. Dariyar ta ɗauke kamar an rufe famfo. Tsohuwar nan ta layin gaba ta tsaya da ƙwaya a tsakanin haƙora, ta manta ta fasa. Malama Meng ta ji daɗin da ba ta san inda za ta ajiye shi ba, hawaye suka gangaro suka ɗebo fari suka sauka kan kwat.

Ta juya don kada a gan ta, sai ta ga Baba Geng a tsaye daf da ita, idonsa a kan dandamali, leɓɓansa na motsi. Guiying na rerawa, yana bi ba sauti. Yaya Shi ya shigo, ya bi nasa ma. Ko kalma ɗaya bai tsallake ba.

"Baba," ta ce a hankali, "haddace shi ka yi?"

"Ba da niyya ba." Bai kalle ta ba. "Ranar da aka raba takardu na ɗauka gida. Na karanta daga farko zuwa ƙarshe ban ga inda kika ajiye ni ba. Na ce ƙila idona ne, na sake. Wata guda ina nema."

Kunya ta rufe ta. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Shiru, Malama. Nan ne wurin da ya fi kyau."

Ta yi shiru, ta matsa masa don ya fi ganin dandamalin.