Matacciyar Buta a Sabon Kwali

Duk garin Luanshya an san shagon Maman Kangwa da abu ɗaya: ba a buɗe kwali a cikinsa. Ka zo sayen dutsen guga ko butar lantarki ko injin markaɗe, za ta miƙo maka kwalinka, ka biya, ka kama gabanka. In ka ce a jona a gwada, sai ta zare tabarau ta dube ka tun daga takalmi har gashin kai, ta ce, "Yau ka zo garin nan?" Kuma da gaskiyarta, tun da ta buɗe shagon ba wanda ya taɓa kai kayanta gida ya tarar da abin da bai saya ba. Shagon bai fi ɗakin kaji girma ba, ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Sunan nan shi ne jarinta, da shi take ci, da shi take ɗaga kai a coci.

Ana nan sai ga doka. Wani ma'aikacin hukuma mai siririn wuya da ƙatuwar jaka ya bi shaguna yana bayani: daga yanzu duk wanda ya sayi sabon kayan lantarki, in ya kawo tsohonsa da ya mutu, dole mai shago ya karɓa. Ba a zubarwa a bola, don akwai guba a cikinsu. Ba a sayar wa masu gyara. A adana su har motar kamfanin da ke narka irin waɗannan kaya ta zo ta kwashe.

Maman Kangwa ta ce, "Yaushe motar za ta zo?"

"Nan ba da jimawa ba, Mama."

"Kafin nan a ina zan ajiye su? A kaina?"

Ya duba cikin jakarsa, ya ɗago. "Doka ba ta faɗi wurin ba, Mama."

Ni dai ban ga laifin dokar ba. Wanda ya tsara ta ne bai san matan garinmu ba. Shi a zatonsa tarkace za a riƙa kawowa, baƙi ƙirin, waya na reto. Ina! Mace a nan ba ta yar da kwali. Ranar da ta sayi abu take ɗora kwalinsa a saman sif, har da ledar ciki, ta lulluɓe da tsohon zani. Wutar garin nan kuwa in ta dawo da ƙarfinta ba ta jiran abu ya tsufa. To wace ce za ta ratsa kasuwa riƙe da ƙonanniyar buta, maƙwabta su ga abin da take dafa wa mijinta shayi da shi? Sai ta wanke gawar tas, ta goge har tana sheƙi, ta sa a leda, ta mayar cikin kwalinta na asali, ta manne bakin. Haka matattu suka riƙa isowa shagon cikin suturar mutunci, ba ka bambanta su da masu rai.

Maman Kangwa ta raba shagon biyu, masu rai a dama, matattu a hagu. Motar ba ta zo ba. Hagu ya kai silin, har ya fara leƙa dama.

A makon bikin kicin na Lombe, wato taron da mata ke kai wa amarya kayan gida kafin aure, tafiya ta kama ta zuwa Nakonde saro kaya. Lombe 'yar Maman Lombe ce, shugabar matan coci, macen da in ta yi tari a taro sai an tsaya an saurara. Bikin 'yarta kuwa duk macen da ke jin kanta wata ce sai ta kai kyauta, kuma rabin kyaututtukan daga shagon Maman Kangwa za su fito. Maman Kangwa ta bar shagon a hannun mijinta.

Baban Kangwa mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya yawo. Ciwonsa ɗaya, tsari. A ɗakin ajiyar kayan ma'adinai ya yi aiki har ya yi ritaya, ko cokulan gida bisa tsawo yake jera su.

Ta ce masa tana ɗaura kaya, "Dama na sayarwa ne. Hagu kada ka taɓa."

"Na ji."

"Me na ce?"

"Haba, Maman Kangwa, ni za ki koya wa riƙon kaya?"

Da safiyar ranar bikin ta dawo. Ta leƙa shagon. Wuri fes, har da hanyar wucewa a tsakiya. Butoci duk a layi ɗaya, fankoki a layi ɗaya, duwatsun guga daga ƙarami zuwa babba. Baban Kangwa na tsaye a gefe, hannu a baya, yana jiran yabo.

"Ina matattun?"

"Waɗanne matattu?"

"Na hagu!"

"Au, ai na haɗa kowa da danginsa. Yaya za a yi buta tana nan, 'yar'uwarta tana can? Kuma kin ga cinikin da na yi kuwa? Ni da kaina na naɗe musu a takardar ado."

Ta lalubi kujera ta zauna. "Su wa suka saya?"

"Mata."

"Waɗanne mata, bawan Allah?"

Ya yi tunani tsakaninsa da Allah. "Masu zani dai."

Ba ta zage shi ba, lokacin zagin ma babu. Ta hau yage bakin kwalaye. Wasu matattun suna nan sun yi lamo cikin masu rai, wasu kuwa ba su ba alamarsu. Cikin waɗanda suka ɓata har da tsohuwar butar Maman Lombe kanta, wadda ta kawo kwanan baya da dogon jawabi kan yadda ta yi wa coci hidima. Kamar kowace mace mai ba da aron kaya a biki da makoki, Maman Lombe ta rubuta sunanta a gindin butar da jan farce, ɓaro-ɓaro.

Abin da ya dace shi ne Maman Kangwa ta je ta ja Maman Lombe gefe ta faɗa mata gaskiya. Ta san haka. Amma da ta tuna bakin matar, sai ta fasa. Ta ce a ranta wataƙila masu sayen ba 'yan bikin nan ba ne, wataƙila ma baƙi ne 'yan wucewa. Ta yi wanka, ta ɗauki zaninta na rawa, ta tafi.

Zauren ya cika maƙil da mata, ba namiji ko ɗaya. Masu ganga na gefe, amarya na zaune a tabarma an lulluɓe ta, kyaututtuka sun yi tsauni a bayanta. Maman Kangwa ta sulale can ta fara ɗaga kwalaye tana girgizawa a kunne, wani har ta shinshina. Anti Musonda, wadda ke jan ragamar bikin, ta hango ta.

"Maman Kangwa! Kin sayar kin karɓi kuɗi, kuma kin biyo su kina musu ban kwana? Koma ki zauna!"

Aka kwashe da dariya. Ta koma ta zauna.

Aka fara buɗe kaya. Anti Musonda ta ɗaga kyauta ta kira mai ita, mai ita ta ɗaura zani a ƙugu, ta taka rawa har tsakiya, ta durƙusa gaban amarya ta gaya mata abin da kyautar ke koya mata na zaman aure. Mai tukunya ta ce gida ba ya kwana da yunwa. Mai tsintsiya ta ce a share magana kafin ta kwana. Duk kwalin da aka taɓa sai Maman Kangwa ta miƙa wuya tana leƙe.

Gawar farko ta fito a hannun matar mai kantin magani, wadda ke zuwa coci da sabuwar hula kowace Lahadi. Dutsen guga ne, ƙasansa da tabon ƙuna da ba sabulun da ya iya fitarwa. Anti Musonda ta juya shi, ta ɗaga gira, ta ajiye da sauri. Amma an gani. Ƙus-ƙus ya zagaya zauren: duk hulunan nan, ashe tsohon na gida ta naɗo. Matar ta waiwaya tana neman mai shagon. Maman Kangwa ta duƙufa tana gyara igiyar takalminta, takalmin da ba shi da igiya. Kuma in za a faɗi gaskiya, can ƙasan zuciyarta ba ta ji zafin abin sosai ba, don ta daɗe da haushin hulunan.

Daga nan aka kira uwar ango.

Maman Nkole tsohuwa ce 'yar ƙarama, daga wani ƙauye bayan Mpika ta zo, ba ta san kowa a zauren ba sai danginta da ke zaune a kusurwa. Amma da ganga ta tashi, sai ga ƙugun tsohuwa yana abin da 'yan matan birni ba su iya ba. Guɗa ta kaure. Ta durƙusa gaban amarya tana haki, fuskarta cike da murna, ta ce, "'Yata, ban san kayan birni ba. Na tambaya ina ne shagon da ba a cutar baƙo, aka nuna mini. Abin da ke cikin kwalin nan, haka muka ɗauke ki a gidanmu. Yadda yake, haka kike a idonmu."

Anti Musonda ta yage kwalin, ta zaro buta, ta ɗaga sama don kowa ya gani. Hannun butar a narke yake, an ɗaure da waya. Gindinta kuma ya fuskanci jama'a, da jan rubutunsa.

Ganga ta tsaya da kanta.

Maman Lombe ta miƙe a hankali. "Wannan ai butata ce."

Wata gwaggon amarya ta daka tsalle. "Kun ji ko? Tsohon kaya a sabon kwali! Haka suka ɗauki 'yarmu! A gabanmu za ki faɗa mana 'yarmu ragowar wani ce?"

"Kuma da butar uwarta!" in ji wata. "Wannan shiri ne, ba kuskure ba!"

Dangin ango suka miƙe, dangin amarya suka miƙe. Ƙarƙashin lulluɓi kafaɗun Lombe suka fara rawa, kuka take. Tsohuwar kuwa tana nan durƙushe, tana duban wannan tana duban waccan, tana tafa hannu a hankali irin na ban haƙuri, ba ta ma san laifin da take roƙon gafararsa ba.

Maman Kangwa ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da uwarta ta haife ta. Shiru ɗaya za ta ƙara yi sunanta ya tsira, auren yarinya kuma ya mutu a tabarmar nan. Ta miƙe.

"Ku saurara!"

Anti Musonda ta ɗaga hannu. "Ba a magana a filin nan sai da zani a ƙugu. Ko gobara ce, ki tako ta da rawa."

Masu ganga da ma neman mafita suke, suka saki kiɗa. Haka Maman Kangwa, mace mai jiki da ciwon gwiwa, ta ɗaura zani ta fito tana juya ƙugu, hawaye na zuba, tana ihu sama da ganga: "Daga shagona ne! Matacciya ce! Ta doka ce! Mijina ya haɗa su da danginsu!"

Sai da ta kai tsakiya aka tsayar da kiɗa, ta durƙusa kusa da tsohuwar ta yi bayani tiryan-tiryan. Ba ta rage komai ba, har da cewa tun safe ta sani ta yi shiru.

Matar mai kantin magani ta ce, "Wato kina kallo aka ci mutuncina?"

"Ina kallo."

Anti Musonda ta sa aka ware duk kwalin da ya fito daga shagon, aka buɗe su a fili. Ga fanka mai fiffike biyu. Ga injin markaɗe yana ƙanshin gyaɗar bara. Kowace gawa ta fito sai wata daga cikin taro ta yi ihu, "Tawa ce!" Gwaggon da ta fi kowa zafi ita ta fara faɗuwa ƙasa don dariya, da aka zaro murhun lantarkin da ita kanta ta kai shagon a ɓoye. Har amarya aka ji tana ƙyalƙyalawa a cikin lulluɓi. Maman Lombe ta je ta kama tsohuwar ta ɗaga ta, ta zaunar da ita a kujerarta. Maman Kangwa kuwa ba wanda ya ɗaga ta, da kanta ta dafa ƙasa ta tashi.

Ran Litinin layi ya kai bakin titi. Kowace ta zo musanya, kuma kowace sai ta yage kwali a gabanta, ta juya gindin kaya, ta ce a jona ta gani. Har aminiyarta ta ƙuruciya sai da ta shinshina butar kafin ta karɓa. Maman Kangwa ta jona, ta cire, ta jona, ba ta zare tabarau ko sau ɗaya ba. Baban Kangwa na can baya an ba shi kujera da sharaɗin kada ya taɓa ko tsinke.

Tsohuwar ce ta zo ƙarshe, da ƙullin kayanta a ka, za ta wuce tasha. Maman Kangwa ta sauko da buta daga dama, ta kai hannu za ta yage bakin kwalin. Tsohuwar ta dafe hannunta.

"Bar shi, 'yata. Ba sai an buɗe ba. Da aka nuna mini shagon nan ba a yi mini ƙarya ba."

Maman Kangwa ta tsaya. Ta dubi tsohuwar, ta dubi kwalin, ta waiwaya ta dubi mijinta, wanda ya yi saurin ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin cinya.

Ta share ido da bakin zani, ta ce, "Mama, ke kin yarda. Ni ce ban yarda ba."

Ta yage kwalin.