Sunayen da Baba Ya Haɗiye

Ranar Asabar ce, ana yayyafin farkon damina, na fake a zauren Baba Abdurrahim a Unguwar Sarki. Shekarar 1956 ke nan, na bar makaranta, na bar aikin tasha, ban da wurin zuwa. Ya dube ni ya ce, "Yusha'u, zauna mana, ruwan bai san ka da gaggawa ba."

Tsoho ne, shi kaɗai a gidan. Ɗansa Datti akawu ne, yana can Badarawa, sai da salla yake leƙowa. Kowace la'asar Baba kan ɗauki carbi ya jero kakanninsa, suna ɗaya ƙwaya ɗaya, daga mahaifinsa har Mudaru, Nizaru, Ma'addu, Adnanu. Nan yake tsayawa. Ya ce Larabawa gida biyu ne, na Adnanu da na Ƙahɗanu, su kuwa zuriyar Baba 'yan Adnanu ne, jinin Annabi Isma'ila.

Amma idan ya kai tsakiya sai muryarsa ta ɗauke, leɓɓa kawai ke motsi, carbi na tafiya.

"Baba, ka haɗiye wasu."

"Na gida ne. A wurinmu ba a faɗin su gaban bare, kada ya ɗauka ya je wani gari ya ce shi ne mu."

"Ni da ko sunan kakana ban sani ba?"

"Ai irinku ne abin tsoro," in ji shi, yana dariya. "Datti zan ba, in ya zauna."

Sau biyu na taka har Badarawa in kira masa Datti. Datti ya ce, "Ka gaida Baba, in na samu hutu zan zo." Kafin hutun ya zo, Baba ya rasu.

Bayan kaka aka haifa wa Datti ɗa. Ranar suna ya jawo ni gefe. "Ƙanena, kai ka zauna da shi. Faɗa mini sunayen, in raɗa wa yaron."

Na jero na ƙasa. Na jero na sama, waɗanda kowane malami ya sani. A tsakani na yi shiru, ina jan carbin Baba kamar yadda yake ja. Datti ya tsaya yana kallon bakina.

Na wuce ta Unguwar Sarki da yamma, zauren a kulle. Abin da muka rasa: tsoho ɗaya, sunaye goma sha bakwai, da wurin da nake zama.