Kwari Tara, Ma'auni Ɗaya

A ofishin kula da ruwa Doguwa ake ce mata, tun ranar da ta sauko da fayil daga saman kabad ba tare da ta taka kujera ba. Injiniya ce, shekararta huɗu a wurin. Wata safiya shugaban sashe ya kira ta, ya shimfiɗa taswira ya danne gefenta da kofin shayi.

"An ba mu jiniyar gargaɗin ambaliya guda uku," ya ce. "Kwari tara ne a gindin duwatsun nan. Ina za a kafa su kafin damina?"

"Ranka ya daɗe, ma'aunin ruwan sama ɗaya gare mu a duk yankin. Shi ma tun rasuwar mai karanta shi, shekara shida ke nan, ba a rubuta komai ba."

"To a kai su manyan koguna, inda muke da lissafi."

"Babban kogi yana sallama kafin ya shigo. Ƙananan nan su ke faɗo wa mutum ba ko gyaran murya. A ba ni mako uku in taka su da ƙafata."

Ya ba ta biyu.

Ta bar 'yarta wurin mahaifiyarta. Tsohuwar ta dubi igiyar awo da takalmin roba ta ce, "Duk karatun nan ashe na auna duwatsu ne? Da kin faɗa, ga su nan a bayan gida."

Kowane kwari ta shiga, abu uku take nema: tsananin gangarensa, yawan falalen dutsen da ba ya shan ruwa, da girman duwatsun da ruwa ya taɓa mirginowa. Sannan ta zauna da tsofaffi ta tambaye su inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ƙafarta ta yi bororo, fuskarta ta ƙone, littafinta ya cika.

Kwari na bakwai shi ne mafi ƙanƙanta, busasshen rafi da akuya ke tsallakewa. Amma a tsakiyarsa ta ga dutse ya kai girman mota, kuma ba irin duwatsun wurin ba ne, daga sama ya zo. A bakin kwarin akwai gidaje kusan sittin da ɗakin injin niƙa. Tsohon mai niƙa ya ja ta ciki, ya nuna mata zane uku da aka yi da ƙusa a bango, alamar inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Na ƙarshen ya wuce kansa.

"Baba, daga saukar ruwa a kan dutse zuwa isowarsa nan, minti nawa?"

"'Yata, wa ke duba agogo? Na dai ga hadari, na zuba buhu a inji, ina kakkaɓe shi ruwa ya shigo."

Ta sa ya niƙa buhu ɗaya tana kallon agogo. Minti arba'in.

Da ta koma ofis ta sa kwari na bakwai a saman jerin, shugaba ya cire tabarau. "Lissafin buhun niƙa zan kai wa hukuma?"

"Gangare, dutse da tsoho duk bakinsu ɗaya. Zan rubuta cewa ƙiyasi ne, ana iya samun kuskure. Ni zan sa hannu, in ya ɓaci a kaina."

Aka kafa ma'auni a can sama, aka haɗa shi da jiniya a ƙasa.

Wata biyu da shigar damina, da rana tsaka, jiniyar ta ɗauki kuka alhali ko yayyafi ba a yi a ƙauyen ba. Mutane suka haye tudu kamar yadda ta koya musu. Sai dai ruwan bai jira minti arba'in ba, a ashirin da biyar ya iso. Ba a rasa rai ba, amma mai niƙa, da ya ɗauka da sauran lokaci, ya koma kashe injinsa. Bango ya faɗo masa a ƙafa.

A asibiti Doguwa ta durƙusa gefen gadonsa, ta kasa haɗa ido da shi. "Baba, ni na ce arba'in."

"Ni kuma na manta ban gaya miki ba, a wancan lokacin injin sabo ne, buhu ba ya daɗewa a bakinsa. Tashi, 'yata. Jikokina goma sha ɗaya suna nan da ransu."

Ta fito tana share ido, amma ba gida ta nufa ba. Laka tana nan ɗanya a jikin bangaye da itatuwa, ruwan sama ɗaya zai wanke ta. Kwana uku ta yi tana bin sawun ambaliyar gida gida, tana aunawa tana rubutawa. Da wannan awon ta sake lissafin dukkan kwarurukan, ta rage lokacin guduwa a huɗu daga cikinsu.

Daga nan ta bi makarantun yankin, ta roƙi malami ɗaya a kowane kwari ya kafa kwalbar auna ruwan sama a fili, ya riƙa turo mata lamba duk safiya. Biyu suka ce aikinsu ya ishe su. Bakwai suka yarda, ta fara da su, ta ce wa biyun za ta dawo ranar Laraba.