Fuskar da Masassaƙi Yake Nema

Tun da Auta ya gama makarantar fasaha ya ce shi masassaƙi ne, hankalin Baba Tela bai sake kwanciya ba. A saninsa masassaƙi mutum ne mai gumi, gizago a hannu, ɓarɓashin itace har cikin suma. Nasa ɗan kuwa ya shigo da ƙaton gungume ɗakin baya, ya ja kujera, ya zauna yana kallonsa kamar mai jinya.

Ranar Litinin masu shirya wani baje kolin fasaha za su zo duba aikinsa. In ya yi musu, su ba Auta gurbi. In bai yi ba, karatun shekara huɗu ya bi ruwa. Ga shi yau Laraba, gungume ko ƙwarzane babu.

Baba Tela ya kasa zama a kan keken ɗinki. Ya ɗinke aljihun wandon mutane, ya farke. Sau goma yana leƙa ɗakin baya wai almakashi yake nema, alhali yana hannunsa. Uwargida ta ce ya bar yaro ya yi tunani, ya ce shi bai taɓa ganin tunani ya ɓare ɓawo ba. Har ya yi tayin kiran maƙwabcinsu kafinta ya ɗan fara masa. Auta ya ce masassaƙi ragewa yake yi, abin da aka sare kuma babu zaren da zai mayar da shi. Maganar ta shiga kunnen tela, amma ba ta sanyaya masa zuciya ba.

A leƙe na sha ɗaya Auta ya miƙe.

"Baba, kai zan sassaƙa. Wannan fuskar nake nema."

Daɗi ya kama Baba Tela. Ya je ya canza riga, ya taje gemu, ya dawo ya zauna yana murmushi har kunne.

Auta ya ajiye gizagon. "Ba ita ba ce. Ina wadda ka shigo da ita?"

Baban ya gwada ɗaure fuska, Auta ya ce wannan ta mai ciwon haƙori ce. Ya gwada wata, aka ce ta mai jin barci.

Uwargida ta leƙo daga ƙofa. "Malam, na manta ban gaya maka ba. Masu baje kolin nan sun bugo waya, jibi za su zo, ba Litinin ba."

Goshin Baba Tela ya tattare, baki ya saki. Gizago ya sauka a kan gungume, ɓawo ya yi tsalle.

"Da gaske take?" in ji Baba Tela, ta gefen baki.

"Kar ka motsa, Baba."