Goshin Fitila

Karo na huɗu ke nan na'urar tana ƙin fuskarsa. Fitila ya gyara zama a kujerar roba, ya ɗaga haɓa kamar yadda aka umarce shi, ya kuma riƙe numfashi, ko da yake wannan ba wanda ya sa shi. Haske ya walƙa. Matar da ke bayan na'urar ta dubi allon kwamfuta, ta ja tsaki irin na wadda ta fara aiki tun ƙarfe bakwai.

"Baba, har yanzu cewa take babu mutum a wurin."

Ta juyo masa da allon. Rigar tasa ce, kunnuwan nasa ne, gemun ma ba ya musun sa. Amma daga gira zuwa bakin hula, da dukan karan hanci, farin haske ne fat, kamar an buɗe taga a tsakiyar kansa.

Ranar ce ta ƙarshe ta tantance ma'aikata. Hukuma ta gano cewa cikin masu karɓar albashi akwai waɗanda suka rasu tuntuni, akwai ma waɗanda ba a haifa ba tukuna, sai ta sayo na'ura don ta bambance rayayyu. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Na'ura ta ɗauki hotonka, ta fitar da takarda, Darakta ya sa hannu cewa ya san ka, ka dawo da ita kafin ƙarfe huɗu. Wanda huɗu ta buga masa babu takarda, za a goge sunansa a matsayin ma'aikacin bogi, shi da shekarunsa na aiki da fanshonsa gaba ɗaya.

Fitila ya yi shekara ashirin da uku a ɗakin fayiloli. Ba don hasken basira aka laƙaba masa sunan ba. Maiƙon fuskarsa ne, wanda ke fitowa tun kafin ya iso bakin ƙofar ofis da safe, ya kai azahar yana sheƙi kamar sabon faranti.

Masu bin layi a bayansa, da yake kowa ya gaji da tsayuwa, sai suka zama likitoci. Masinja, wani tsoho da ya riga kowa zuwa ma'aikatar, ya ce soye-soye ne, ya daɗe yana lura da ledar da Fitila ke shigowa da ita. Direba ya ce jini ne ya yi masa yawa, ya je a rage. Wata ta ce lemon tsami da toka, wani ya ce man goge baki, a kwana da shi. Wata daga sashen bincike ta faɗa a hankali, amma yadda kowa zai ji, cewa ƙaramin ma'aikaci ya riƙa ƙyalli haka a wannan zamani, abin a buɗe masa fayil ne.

Fitila kuwa yana da maganinsa. Ya zagaya famfon bayan ofis, ya zaro leda daga aljihu, ya kwance sabulun wanki mai kaifi da guntun soso, abokan tafiyarsa na kullum. Ya dirji goshi, ya dirji hanci, ya ɗauraye, ya sake dirza, har fatar ta ɗame kamar an ɗaure ta ta baya. Ya taɓa ya ji ƙarau. Ya koma ƙarshen layi da ƙwarin gwiwa.

Layin ya ci minti arba'in. Kafin ya iso kujerar, maiƙon ya dawo har da rakiya.

A karo na biyar na'urar ta yi ƙara ta daban, Fitila ya fara murmushi. Mai Na'ura ta leƙa allon, ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"An samu ci gaba, Baba. Yanzu ta ga fanka."

Haka kuwa aka yi. Fankar silin ce ta fito a goshinsa, da fukafukanta uku, sarai fiye da yadda take a silin ɗin. Mai Na'ura ta ce babu gurbin fanka a jerin ma'aikata. Sannan ta sassauta murya ta ce ya tsallaka titi, akwai wata mai kemis, ya gaya mata gaskiya duka, ya dawo kada ya sake bin layi.

Yana tsallakawa matarsa ta kira. Ya ba ta labari a taƙaice. Ta ce ita ba ta yi mamaki ba, shekara ashirin tana wanke rigar matashin kansa daban da ta sauran mutanen gida, na'ura ce kawai ta samu bakin faɗa.

"Baban yara, in dai sun goge ka, ka sani ni ba zan dafa wa fatalwa abinci ba."

Mai kemis dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tambaye shi sau nawa yake wanke fuska a yini. Ya lissafa mata da alfahari: duk alwala sai ya haɗa da sabulu, biyar ke nan, ga wankan safe da na yamma. Ta ce da wane sabulu. Ya ɗora ledar a kan kanta. Ta ɗaga sabulun da yatsu biyu, kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Malam, wannan ai da shi ake wanke bargo."

Ta zaunar da shi a benci ta yi masa bayani ba gaggawa, alhali shi agogon bango yake kallo. Ta ce a ƙarƙashin fatar kowa akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu fitar da mai don kada fata ta tsage, na wasu kuma sun fi na wasu himma. Ta tambaye shi ko mahaifinsa ma haka yake. Ya ce mahaifiyarsa ta sha faɗa cewa a gaban goshin marigayin take zura zare a allura. Mai kemis ta ce to, gado ke nan. Zafi fa? Ya ce ɗakin fayiloli ba taga, fankarsa kuma ta mutu tun zamanin Darakta biyu da suka wuce. Damuwa fa? Ya ce ƙarfe huɗu za a goge shi daga doron ƙasa. Ta gyaɗa kai, ta ce ita ma damuwa tana tayar da sinadaran jiki, su kuma su zuga jakunkunan. Haka ma yawan kai hannu fuska.

"Amma babban mai laifi ga shi nan," ta nuna sabulun. "Kai kana kwashe man tas, fatar tana zaton fari aka yi, sai ta ninka. Shekara ashirin kuna wannan rigima, ita ke cin ka kullum, ba ka taɓa tambayar dalili ba."

Ta ce ruwan alwala ba ruwansa, ya ci gaba da abinsa, amma sabulu sau biyu kacal, safe da yamma, mai laushi na fuska, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba soso, ba dirza. Ya tsane da tawul a hankali, sannan ya shafa mai marar nauyi, mai ruwa-ruwa. Fitila ya ce bai ji da kyau ba, mai za a ƙara a kan mai? Ta ce ƙwarai, in fatar ta ga ba a bar ta da ƙishi ba, za ta sassauta. In ƙuraje suka biyo baya, ya nemi likitan fata, ya rabu da masu layi. Cikin mako shida zai ga bambanci.

"Hajiya, awa biyu gare ni."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta ɗauko wasu 'yan siraran takardu masu tsotse maiƙo, ta nuna masa yadda ake dangwalawa ba a gogawa. Sannan ta ɗauko gwangwanin hoda. Fitila ya ja baya, ya ce shi fa magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Ta ce na'ura ba ta da wannan labarin. Ta shafa masa da kanta, sama-sama, yana rufe da ido kamar wanda ake yi wa allura. Ya fito da leda ɗauke da sabon sabulu da kwalbar mai da takardun, ya bi ta inuwa.

Sau ɗaya na'urar ta walƙa ta amince. Takarda ta fito da ɗumi. Fitila ya tsaya yana kallon hoton. Wani dattijo ne mai layi uku a goshi, mai sanyin ido, ya ɗan yi kama da wani kawunsa. Bai taɓa sanin yana da waɗannan layukan ba. Ya ji mutumin ya kwanta masa a rai.

Ofishin Darakta yana hawa na uku. Masinja, da ya riga ya koma kujerarsa a bakin ƙofa, ya miƙe ya tambaye shi wa za a ce. Fitila ya zaci wasa ne, ya wuce shi ya shiga da sallama.

Darakta ya ɗago kai. Idonsa ya tafi kai tsaye goshin mai shigowa, hannunsa ya tashi zuwa hula, sai hannun ya tsaya a iska. Ya ƙura ido. Babu komai a wurin sai fata.

Shekara goma sha ɗaya Fitila yana kawo masa fayil kowace safiya, ya rusuna a gaban tebur, Darakta ya dubi goshinsa ya gyara karin hula, wani lokaci har ya duba haƙora. Fitila ya daɗe yana ɗaukar wannan kallo a matsayin girmamawa. A gida ma ya sha faɗa cewa Darakta mutum ne mai kallon ƙananan ma'aikata ido da ido.

"Malam, daga ina?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Fitila, na ɗakin fayiloli."

Darakta ya karɓi takardar, ya karanta layin da ke cewa ya san wannan ma'aikaci kuma ya shaida fuskarsa, ya ajiye biro. Ya ce Fitila dai ya san shi kamar yadda ya san kansa, kullum yana ganinsa. Ya ce irin waɗannan masu sojan gona ake nema dama, har muryar bawan Allah ya zauna ya koya. Ya tura masa takardar, ya ce ya fita ya jira a benci, za a kira masu gadi in sun dawo daga cin abinci.

Uku da kwata. Fitila ya zauna a bencin baranda, rana ta yamma tana shigowa ta taga tana dukan gefen fuskarsa. Ya tuna 'ya'ya biyar, ya tuna shekara ashirin da uku, ya tuna cewa ko fatalwar ma an riga an gaya mata ba abinci. Ya ji wani ɗumi da ya sani yana tsattsafowa a karan hanci. Ya kai hannu leda zai zaro takardar dangwalawa.

Masinja ya dawo daga kai saƙo, ya yi turus.

"A'a, Fitila, yaushe ka hau? Ai ka yi sa'a. Yanzun nan wani ɗan damfara ya shiga da sunanka."

Fitila ya dube shi. Ya dubi ledar. A hankali ya janye hannunsa.

Ya zaro hankici ya goge sauran hodar. Sannan ya bi jerin abubuwan da mai kemis ta ce suna tayar da maiƙo, daki-daki. Ya matsa tsakiyar rana ya miƙa mata goshi. Ya murza fuska da tafin hannu biyu. Ya sauka hawa uku da gudu ya hau, ya sake sauka ya hau. Ya zauna ya tattaro duk wata damuwa da ya taɓa ajiyewa don wani lokaci, har da ta rufin ɗaki mai yoyo da ta surukarsa mai shirin zuwa hutu. Gado kuwa ba sai an roƙe shi ba. Ƙarfe huɗu saura kwata, Masinja ya kare ido da hannu ya ce masa ya shiga.

Darakta ya ɗago, fuskarsa ta saki. Ya dubi goshin, ya tura hular hagu kaɗan, ya dawo da ita dama, ya shafa gashin baki.

"Yauwa, Fitila. Ina ka shiga tun safe?"

Ya ja takardar ya rattaba hannu, bai ko kalli hoton ba. Yana bugun hatimi yana ba shi labarin wani mutum da ya zo ɗazu, fuska a bushe ƙamas, kallo ɗaya za ka yi masa ka san ba shi da gaskiya. Ya ce Fitila ya riƙa kula, duniya ta lalace. Fitila ya ce Allah ya ƙara wa Darakta basira.

Huɗu saura minti huɗu ya miƙa takardar. Mai Na'ura ta dubi hoton, ta dube shi, ta buɗe baki, sai ta dubi agogo ta rufe. Ta jefa takardar cikin kwandon rayayyu.

Ya koma ɗakin fayiloli ya zauna a ƙarƙashin matacciyar fanka. Ya fito da sabon sabulun da kwalbar man ya jera a tebur. Ya yarda da duk abin da mai kemis ta faɗa, kuma yana son ya sake haɗuwa da dattijon nan mai layi uku. Mako shida kawai. Sai dai takardar ƙarin girmansa tana kan teburin Darakta, ta hutun shekara ma a can za ta bi, Darakta kuma saura masa wata takwas ya yi ritaya.

Ya jawo sabon fayil, ya zura sabulun da kwalbar a ciki, ya ɗaure da igiya. A bangon ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: a fito da shi bayan wata takwas. Ya ɗora a kanta ta sama, ya laluba aljihu ya ji tsohuwar ledar tana nan, ya nufi famfo don la'asar ta yi.