Keke Mai Ruwan Ɗorawa a Hotunan Hope

Shekari mutum ne mai yawan fargaba, kuma duk fargabarsa a kan 'yarsa Hope take ƙarewa. In ta yi tari sai ya ce a tafi asibiti, in ta makara minti goma sai a same shi tsaye a bakin ƙofa. Don haka ranar da ta ce ta shiga wata ƙungiyar sa kai, sai ya hau yi mata tambayoyi.

"Baba, kekuna kawai muke ƙirgawa," in ji ta. "Duk inda mutane ke jingine keke, bakin kasuwa ko bakin asibiti, sai in ɗauki hoto, in rubuta guda nawa ne, in sa a taswira. Kowa zai iya buɗewa a waya ya gani. Inda suka fi yawa, can za mu nemi a kafa ƙarafan ɗaure keke, a rage sata."

"Mace da waya tana ɗaukar hoton dukiyar mutane? A nan Kakuri? Wani ya ce 'yar leƙen asirin ɓarayi ce, wani ya ce 'yar haraji ce. Kafin ki buɗe baki an taru a kanki."

Matarsa Rebecca ta leƙo daga kicin. "Baban Hope, shekararta ashirin da uku fa. Ka bar yarinya ta sha iska."

Ya ce to, amma a baki kawai. Da yake ya san Hope za ta gane kekensa ko daga nesa, sai ya je wurin Friday, abokin aikinsa na gadi tun bayan rufe masaƙar da suke aiki, ya ari nasa: wani tsohon keke mai ruwan ɗorawa, da jan kwando a gaba. Kowace Asabar in ta fita, sai ya ja hula har gira ya bi ta a baya. In ta tsaya, kafin ta ɗaga waya sai ya cusa keken cikin sauran kekuna, don a ganinsa babu maɓoyar keke da ta fi tsakiyar 'yan'uwansa. Shi kuma ya laɓe bayan mai shayi ko rumfar bakanike yana kallo. Sati shida ana haka, daga Kakuri zuwa Barnawa har Sabon Tasha. Ba wanda ya taɓa ta. Wata mai tumatir ma kujera ta ba ta.

Ranar wata Juma'a Hope ta dawo gida idanu jajur, ta ƙi cin tuwo.

"Kevin, mai tace bayananmu, ya ce aikina na bogi ne," ta faɗa wa uwarta. "Wai akwai keke ɗaya da ya fito a hotuna goma sha huɗu, unguwa daban-daban. Wai ni nake yawo da shi don in ƙara yawan lamba. Gobe za su goge duk abin da na tura, su cire sunana. Mama, wallahi ban san keken nan ba."

"Wane irin keke?" Shekari ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Mai ruwan ɗorawa. Da wani mummunan jan kwando."

Lomar da ke hannunsa ta koma cikin kwano. Rebecca ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Baban Hope, wai ina kake zuwa ne kowace Asabar?"

Ya ture kwanon gefe. Shi da ya yi ta tsoron a kira 'yarsa ɓarauniya a titi, ga shi da hannunsa ya sa an kira ta maƙaryaciya a cikin abokanta.

Washegari ƙungiyar ta taru a wani ɗaki bayan shagon ɗinki a Barnawa. Hope na zaune a gefe, Kevin ya buɗe kwamfuta, sai ga sallama. Shekari ya turo keken har tsakiyar ɗaki, ya cire hula ya riƙe.

"'Ya'yana, ga mai laifin. Ni ne mahaifinta, ni nake bin ta. Ba ta sani ba."

Hope ta miƙe tsaye. "Baba! Keken Baba Friday ne ashe? Sati shida?"

"Na ji tsoro ne, 'yata."

Kevin ya dubi keken, ya dubi allon, ya rufe baki da hannu, amma dariyar ta ƙwace. "Baba, ai kai ne ka fi kowa zuwa aiki a ƙungiyar nan! Hope, ki yafe ni, na yi saurin yanke hukunci. Ba abin da za a goge. Ɗaya-ɗaya kawai za mu cire daga kowane wuri."

Hope ba ta yi dariya ba tukuna. Ta jawo kujera ta ajiye gaban kwamfutar. "Zauna. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Ya zauna yana matse ido, yana nuna jan kwandon da yatsa a hoto bayan hoto, Kevin na ragewa. Bakin kasuwa, a cire ɗaya. Ƙofar coci, a cire ɗaya. Da suka zo hoton tashar Sabon Tasha, suka duba sama da ƙasa, babu keken.

"Ka ga nan ai ka huta, Baba," in ji Kevin.

Shekari ya sosa ƙeya. "Ranar taya ce ta yi faci. A ƙafa na bi ta."

Nan Hope ta kasa daurewa. Ta kifa goshinta a kafaɗarsa tana dariya har da hawaye, ta ce wa Kevin ya wuce hoto na gaba.