Akwai Mai Sauka

"Gindin gada! Akwai mai sauka?"

"Babu, Malam, mu je," in ji matar Baba Direba, tana goge masa gumi da gefen mayafinta.

Mai ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Baba Direba, kuma kwana uku ke nan tana jiyo wannan kira ta cikin bango. Yana kwance ido a rufe, hannuwa a sama kamar mai riƙe da sitiyari, ƙafar dama na motsi a ƙarƙashin bargo. Shekara talatin ya yi yana jan bas a tsohuwar hanya, kafin a yi sabon titi a bayan gari, motoci su daina bi ta unguwar.

"Ko ruwa ba ya karɓa," matar ta raɗa mata, "amma bai tsallake matsaya ko ɗaya ba. Na lura in aka ce babu, sai ya ƙara mai. Auta ta bugo waya, motarsu ta kusa shigowa gari. Riƙe min shi in yi la'asar. Duk inda ya tambaya ki ce babu. Kin ji ko? Kar ki bari ya tsaya sai 'yarsa ta iso."

"Na ji, Yaya."

Matar ta fita, Mai ɗinki ta zauna a kujerar roba. Kwalaben magani a kan taga, hularsa ta aiki rataye a ƙusa, fanka na ta gurnani kamar tsohon inji.

"Ƙofar asibiti! Akwai mai sauka?"

"Babu, Baba."

"Layin dogo!"

"Babu, mu je."

Ta san hanyar kamar tafin hannunta. Shekara goma sha biyu a motarsa take dawowa daga shago, a gajiye liƙis, kuma sau da dama gyangyaɗi ya sa ya wuce da ita har tasha. "Ke dai, Mai ɗinki," yakan ce, fasinjoji na dariya, "wata rana har lahira zan kai ki kina minshari." Don kunya ta koya wa bakinta amsawa tun kafin idonta ya buɗe.

Ɗakin ya yi ɗumi. Daren jiya ba ta runtsa ba. Kujerar ta fara yi mata kamar tana jijjiga, har ta ji warin man dizal a hancinta. Kanta ya sunkuya.

"Bakin famfo! Akwai mai sauka?"

"Akwai!"

Sai da kalmar ta fita ta farka. Ta dafe bakinta.

"Babu, Baba! Wallahi babu, mu je!"

Murmushi ya yi. "Yau kam kin farka," ya ce. Ya karkata hannuwa a hankali zuwa gefen hanya. Ƙafar ta miƙe a ƙarƙashin bargo, ta danna, ta tsaya a haka. "A sauka lafiya."

Hannuwan suka sauko kan ƙirjinsa.

Matar ta shigo da carbi a hannu. Ta dube shi, ta yi salati, ta shafa masa idanu.

"Ina ya kai?"

"Bakin famfo," in ji Mai ɗinki.

Matar ta daɗe tana kallonta. Duk unguwar an san wa ke sauka a bakin famfo. Sannan ta ja bargon ta rufe shi.

Ko minti ashirin ba a yi ba Auta ta faɗo gidan da jaka a kafaɗa, tana haki. "Ina Babana? Na same shi ko?"

Mai ɗinki ta kasa tsayawa. Ta zura takalmi ta fita, ƙafafunta suka kai ta bakin famfo. Tsohuwar hanya shiru, ciyawa ta fasa kwalta ta fito. A cikin lakar da ke gefen famfon akwai sawun manyan tayoyi, sabo, ya karkato daga hanya ya tsaya. Ta duba gaba, ba ta ga inda ya fita ba. Ruwan famfon na ɗiga, yana cika sawun a hankali.